Shehu Magili da Yahudawan Tuwat: Tarihin Wata Jayayya a Kan Alkawarin Zimma da Gadonta a Ƙasar Hausa

Tsakure

Sunan Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarim al-Magili sananne ne a ƙasar Hausa, saboda zamansa a Kano da Katsina da kuma rubuce-rubucensa a kan sarauta da shari'a, waɗanda jagororin jihadin Sakkwato suka yi dogaro da su. Abin da bai shahara ba shi ne al'amarin da ya gabaci zuwansa, wato rikicinsa da Yahudawan Tuwat a ƙarshen ƙarni na 15, wanda ya kai ga rushe majami'arsu ta Tamantit da zubar da jini da watsewar wata tsohuwar al'umma. Wannan maƙala ta bi diddigin zaman Yahudawa a Tuwat, da hujjojin malaman Malikiyya da suka saɓa wa juna a kan mas'alarsu, da yadda ra'ayin Magili ya biyo shi zuwa ƙasar Sudan. Maƙalar ta nuna cewa tun a zamaninsa an sami manyan fuƙaha'u da suka ƙi yarda da shi, kuma sanin matsayinsu yana cikin sanin tarihin mazhabar kanta.

1.0 Gabatarwa

Yankin Mafara da Bakura da Maradun yana da tsohuwar alaƙa da tarihin tajdidi a ƙasar Hausa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi kimanin shekara biyar yana wa'azi a Zamfara daga wajen 1201H (1786), kuma a wannan shekarar ce shi da ƙanensa Abdullahi suka ɗauki Sahihul Buhari a wurin Alhaji Muhammadu ɗan Raji. Ya zauna a Faru, ya kuma gana da Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo a Magami, sunaye biyu da har yau suke nan a ƙasar Maradun, maƙwabta da Dosara. Bayan jihadi kuma Bakura ta zama ɗaya daga cikin ribaɗoɗin da aka kafa a zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Duk ɗalibin da ya zauna gaban malami a wannan yanki ya buɗe littattafan Shehu a kan hijira da jihadi da hukuncin ƙasashe, zai yi ta cin karo da suna guda, Magili.

Yawan ambaton sunan ya sa aka san mutumin ta fuska ɗaya, fuskar malamin da ya yi wa Sarkin Kano nasiha kuma ya amsa tambayoyin Askiya. Amma Magili bai taso daga Magrib haka kawai ba. Ya baro wata wuta da ya hura a bayansa, kuma waɗanda wutar ta ci mutane ne da shari'a ta ba su suna da matsayi: ahlul zimma, ma'abota alkawari. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana abin da ya faru da su, da abin da malamai suka ce kafin ya faru, domin a ga yadda mas'alar fiƙihu ke sauya kama idan ta fita daga zauren karatu ta shiga hannun jama'a.

2.0 Tuwat da Yahudawanta

Tuwat jerin dausayoyi ne a tsakiyar Sahara, a lardin Adrar na ƙasar Aljeriya ta yau. Mutanenta suna rayuwa a garuruwa masu ganuwa, suna shayar da dabinonsu da ruwan da suke janyowa ta hanyoyin ƙarƙashin ƙasa. Muhimmancinta ya zo ne daga matsayinta a kan hanyar ayari, domin a nan fataken Tilimsan da Sijilmasa suke yada zango kafin su fuskanci Tumbutu da Gawo da Asbin. Ibnu Baɗɗuɗa ya ratsa ta garin Buda na Tuwat a ƙarshen 1353, a hanyarsa ta komawa daga Takadda. A ƙarni na 15 Tamantit ce babbar kasuwar yankin.

Zaman Yahudawa a wurin ya daɗe. An gano wani dutsen kabari mai rubutun Ibrananci a Tuwat wanda yake ɗauke da tarihin da ya yi daidai da 1329. Haka kuma sunan Tuwat ya zo a cikin amsoshin da malaman Yahudawa na Aljeriya suka bayar a kan mas'alolin ciniki da iyali. Waɗannan malamai, irin su Ishaƙ ɗan Sheshet da Shim'on ɗan Semah Duran, 'yan gudun hijira ne da suka tsere daga kisan gillar da aka yi wa Yahudawa a garuruwan Kiristocin Sifen da tsibirin Mayorka a 1391, suka sami mafaka a ƙarƙashin sarakunan Musulmi. Wannan hijira ta ƙara wa Yahudawan Magrib yawa da ilimi da jari, ta kuma ƙarfafa hannunsu a cinikin da ya haɗa tekun Bahar Rum da ƙasar Sudan. Tun kafin nan ma, taswirar nan ta 1375 da ake dangantawa ga Ibrahim Kreskes, Bayahuden Mayorka, ta zana Mansa Musa riƙe da curin zinariya, abin da ke nuna irin labarin da fatakensu suke da shi na hanyoyin Sahara.

Shaida mafi bayani a kan halinsu ita ce wasiƙar da wani falken Jenowa, Antoniyo Malfante, ya rubuta daga Tuwat a 1447. Ya ambaci cewa Yahudawa suna da yawa a wurin, suna zaune lafiya, kowane rukuni yana ƙarƙashin kariyar wani shugaba daga manyan garin, kuma ciniki yana bi ta hannunsu. A cikin wannan bayani akwai ƙarfinsu, akwai kuma rauninsu. Tuwat ba ta ƙarƙashin ikon wani sarki mai ƙarfi a lokacin. Babu baitulmali da ke karɓar jiziya a kan ƙa'ida, babu kuma hukuma guda da za ta tsaya musu idan rana ta ɓaci. Amincinsu ya rataya ne a kan iyayen gidansu, su kuwa iyayen gidan suna da nasu husumomin a tsakaninsu.

3.0 Yanayin zamanin

Ba a iya fahimtar zafin jayayyar Tuwat sai an dubi halin da Magrib take ciki. Fotugal ta kama Sabta a 1415, ta ƙara da Asila da Ɗanja a 1471. Daular Banu Marin ta faɗi a 1465 a cikin wani bore da aka yi a Fas, inda aka kashe Sarki Abdulhaƙƙi da wazirinsa Bayahude, Haruna ɗan Baɗash, aka kuma afka wa Yahudawan birnin. A Andalus kuwa Garnaɗa tana numfashinta na ƙarshe, har ta faɗi a watan Janairu na 1492. A ranar 31 ga Maris na shekarar Fardinan da Isabela suka sa hannu a kan dokar korar Yahudawa daga ƙasarsu, dubban mutane suka tsallako teku zuwa Fas da Tilimsan da ƙasashen Usmaniyya.

Musulmin Magrib suna ganin ƙasarsu tana zaizayewa ta bakin teku, sarakunansu sun kasa, fataucin zinariya kuma ya soma karkata zuwa jiragen Fotugal. A irin wannan hali akan nemi wanda za a ɗora wa laifi, kuma wanda ya fi sauƙin kamawa shi ne maƙwabcin da ya bambanta da jama'a a addini, yake da abin hannunsa, ba shi kuma da rundunar da za ta kare shi. Abin lura shi ne, mutanen da aka kora daga Sifen saboda addininsu, 'yan'uwansu ne aka afka wa a Sahara a kusan lokaci guda.

4.0 Magili da matsayinsa

An haifi Magili a yankin Tilimsan a wajen 1440. Ya yi karatu a wurin Abdurrahman as-Sa'alibi, malamin tafsiri na birnin Aljaza'ir, da kuma Yahaya ɗan Yadir, wanda ya yi alƙalanci a Tuwat. Malami ne mai zurfi a fiƙihu da tauhidi da manɗiƙ, har ya yi musayar ra'ayi da Jalaluddin as-Suyuɗi yana kare halaccin karanta manɗiƙ. Masu tarihinsa sun siffanta shi da tsanani wajen umarni da kyakkyawa da hani da mummuna, da rashin tsoron masu mulki.

Da ya zauna a Tamantit ya ga matsayin da Yahudawa suke da shi a kasuwa da gidajen shugabanni, sai ya rubuta risalar da aka buga a Aljeriya a 1968 da sunan Misbahul Arwah fi Usulil Falah. Risalar ta ginu a kan fasali uku: wajibcin nisantar jiɓintar kafirai, da abin da ya hau kan ahlul zimma na jiziya da ƙasƙanci, da kuma halin Yahudawan zamaninsa. Ya kafa hujja da cewa abin da suke ba shugabannin ƙabilu ba jiziyar shari'a ba ce, kuma shigarsu hidimar masu iko da kamanceceniyarsu da Musulmi a sutura da abin hawa saɓa wa sharuɗɗan zimma ne. Daga nan ya fitar da hukunci biyu. Na farko, wajibi ne a rushe majami'arsu, wadda nassoshin lokacin suke kira kanisa. Na biyu, wanda ya fi nauyi nesa ba kusa ba, shi ne cewa alkawarinsu ya warware, jininsu da dukiyarsu sun halatta. Ya kuma tsananta harshe ga duk Musulmin da ya tsaya musu.

5.0 Jayayyar malamai

Wanda ya fara tsayawa gaban wannan fatawa shi ne alƙalin Tuwat, Abdullahi ɗan Abubakar al-Asnuni. Ya rubuta wa malaman Tilimsan da Fas yana neman hukunci, ya kuma bayyana halin da ake ciki. Ya ce majami'ar tana tsakiyar gidajen Yahudawa, ba ta jingine da gidan wani Musulmi ba. Ya ce malamai da alƙalai sun shuɗe a Tuwat da sauran garuruwan Sahara suna ganin irin waɗannan wurare ba su yi inkari ba. Ya kuma bayyana cewa Yahudawan suna biyan abin da al'ada ta ɗora musu ga shugabannin gari a lokutan idi da lokutan buƙata. An adana wannan tambaya da amsoshinta a cikin al-Mi'iyarul Mu'urib na Ahmad al-Wansharisi (ya rasu 914H/1508), shi ya sa jayayyar ta iso ga na baya da hujjojin kowane ɓangare.

Asalin mas'alar a mazhaba ya koma ga rabe-raben ƙasa zuwa gida uku: ƙasar da aka ci da yaƙi, da wadda aka shiga da sulhu, da wadda Musulmi suka sara suka kafa da kansu. A ƙasar sulhu ana barin ahlul zimma da wuraren ibadarsu. A garin da Musulmi suka kafa kuwa, magana mafi shahara ita ce ba a ƙirƙiro sabuwar kanisa, sai dai idan an ba su wannan a cikin alkawari. Tambayar ita ce, a wane gida Tamantit take, kuma mene ne hukuncin ginin da aka tarar tsaye ba a san farkonsa ba?

Muftin Tilimsan, Ahmad ɗan Zakri (ya rasu 899H), ya goyi bayan alƙali. A wurinsa zimmin da ya tashi daga wani gari na Musulunci zuwa wani yana tafiya ne da alkawarinsa, kuma alkawarin ya ƙunshi barinsa ya yi addininsa. An kafa hujja a nan da fatawar Ibnul Hajj na Ƙurɗuba game da Kiristocin da Murabiɗai suka kwaso daga Andalus zuwa Maroko a ƙarni na 12, waɗanda aka yarje musu gina wuraren ibada a inda aka sauke su. Ibnu Zakri ya ɗauki rushe majami'ar a matsayin zalunci ga ma'abota alkawari. Alƙali Yahaya ɗan Abil Barakat al-Gumari ya zo wa mas'alar ta wata ƙofa, ƙofar ƙa'idar da ta gabatar da tunkuɗe ɓarna a kan janyo amfani. Ya yi gargaɗi cewa rusau a wurin da babu hukuma mai tsawatarwa zai haifar da fitina da zubar da jini, kuma hani da mummuna ba ya halatta idan zai kai ga abin da ya fi shi muni. An kuma nemi ra'ayin muftin Tunis, ar-Rassa'u, da muftin Fas, Isa al-Mawasi.

A ɗaya ɓangaren, Muhammadu ɗan Abduljalil at-Tanasi ya rubuta doguwar amsa yana tabbatar da cewa Tuwat ƙasa ce da Musulmi suka kafa, don haka ba a barin kanisa a cikinta, kuma daɗewar gini ba ta zama hujja. Imam Muhammadu ɗan Yusuf as-Sanusi, mai littattafan aƙida da ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa har yau, ya yaba wa amsar Tanasi. Shi ma Wansharisi ya karkata ga wannan ra'ayi. Tun da Sanusi ya rasu a 895H (1490), tabbas jayayyar ta kankama kafin wannan shekara.

A nan akwai bambancin da ya kamata a riƙe. Amsar Tanasi a kan gini take. Ita kuwa maganar warwarewar alkawarin al'umma gaba ɗaya da halatta jininsu, mataki ne da Magili ya ƙara da ijtihadinsa. A ƙa'idar fuƙaha'u, tabbatar da cewa wani zimmi ya warware alkawari hukunci ne da ke buƙatar shaida a gaban alƙali, zartar da shi kuma aikin shugaba ne. A Tamantit alƙalin garin da kansa yana cewa alkawarin yana nan.

6.0 Rusau da abin da ya biyo baya

Ahmad Baba na Tumbutu (ya rasu 1627) ya kawo ƙarshen labarin a cikin Nailul Ibtihaj. Da amsar Tanasi da goyon bayan Sanusi suka iso Tuwat, Magili ya tara jama'arsa, suka ɗauki makamai, suka rushe majami'ar. Ya kuma sanya ladan miskali bakwai na zinariya ga duk wanda ya kashe Bayahude. Hasan al-Wazzan, wanda Turawa suka sani da Liyo na Afirka, ya ba da labarin yankin Gurara da ke arewa da Tuwat, cewa a dā akwai attajiran Yahudawa a wurin, sai wani mai wa'azi daga Tilimsan ya zuga jama'a aka washe dukiyarsu aka kashe mafi yawansu, a shekarar da aka kore su daga Sifen da Siƙilliya. Abin da Gumari ya ji tsoro shi ne ya auku.

Waɗanda suka tsira sun watsu zuwa wasu garuruwan bakin Sahara, wasu kuma suka musulunta suka saje da jama'a. Sunan dangi na Tuwati ya wanzu a cikin Yahudawan Magrib yana tuna asalin da aka baro. Shi ma Magili al'amarin bai bar shi da kwanciyar hankali ba. Ibnu Askar ya ruwaito a cikin Dauhatun Nashir cewa ya je Fas domin munazara, amma bai sami karɓuwa a wurin malamanta da sarkinta na Banu Waɗɗas ba. Bayan haka ne ya fuskanci kudu.

7.0 Daga Kano zuwa Gawo

Ya bi ta Asbin da Takadda, ya shiga Katsina da Kano. A Kano ya tarar da Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499), ya rubuta masa littafin da aka sani da Tajuddin fi ma Yajibu alal Muluk, da wata wasiyya mai tarihin 897H a kan abin da ya halatta ga shugaba wajen tsawatar da mutane daga haram. Tarihin Kano ya ambaci cewa ya sa an sare itaciyar da ake tsafi a gindinta, aka yi hasumiya a wurin. Zuriyar da ake dangantawa gare shi tana unguwar Sharifai, da sarautarsu ta Sidi Fari. Ba wanda zai yi musun abin da wannan zama ya ƙara wa ƙasar Hausa. Nasiharsa ga Rumfa cike take da kiran adalci, da sauraron talakawa, da binciken ma'aikata, da tsare baitulmali.

Daga nan ya wuce Gawo wurin Askiya Muhammadu, wanda ya hau mulkin Songai a 1493, ya amsa masa tambayoyinsa a kan Sunni Ali da masu garwaya Musulunci da al'adun kafirci da kuma miyagun malamai. Yana can labari ya iske shi cewa an kashe ɗansa a Tuwat. Ahmad Baba ya ce sai ya nemi Askiya ya kame mutanen Tuwat da ke Gawo, aka kuwa kame su. Malamin Tumbutu Mahmudu ɗan Umar Aƙit, wanda ya riƙe alƙalancin birnin daga 1498, ya yi inkarin wannan, saboda mutanen ba su da hannu a kisan. Aka janye umarnin, aka sake su. Wannan ɗan gajeren labari ya ƙunshi zuciyar mas'alar baki ɗaya, domin hujjar Mahmudu ita ce ƙa'idar da Alƙur'ani ya maimaita a Suratul An'am da wasu surori, cewa ba a ɗora wa wani rai nauyin laifin wani.

Duk da haka ra'ayin Magili game da Yahudawa ya yi tasiri a Songai. Wazzan, wanda ya ziyarci Tumbutu a farkon ƙarni na 16, ya ce sarkin ba ya barin Bayahude ya zauna a birnin, kuma yakan ƙwace dukiyar falken da aka ji yana hulɗa da su. Sai a wajen 1860 aka sake jin wata ƙaramar jama'ar Yahudawa a Tumbutu, lokacin da Mordakai Abi Surur, malami kuma falke daga garin Aƙƙa na kudancin Maroko, ya sami izinin zama da ciniki. Magili kuwa ya koma Tuwat ya rasu a wajen 909H (1503–1504), kabarinsa yana can ana ziyarta.

8.0 Gadonsa a daular Sakkwato

Shekara ɗari uku bayan rasuwarsa, rubutun Magili ya sake rayuwa a hannun Shehu Usmanu. Amsoshinsa ga Askiya sun zama ginshiƙi a littattafai irin su Bayanu Wujubil Hijra (1806) da Sirajul Ikhwan (1811), an kuma kwafe wasiyyarsa ga Rumfa a cikin Tanbihul Ikhwan. A ƙasar Hausa ba a tarar da wata al'ummar Yahudawa da za a zartar wa hukuncin Tamantit ba. Sai dai maganar da ya gina a kan jiɓintar kafirai, wadda asalinta Musulmin Tuwat ne masu kare Yahudawa, an ɗauko ta an auna ta a kan Musulmin da suka taimaki sarakunan Haɓe da na Barno.

A nan ma saɓani ya sake tasowa, a cikin gida ɗaya. Abdullahi ɗan Fodiyo, a cikin Diya'us Sulɗan, bai yarda a ɗauki maganar Magili a sake ba. A ganinsa jiɓintar da ke kafirtawa ita ce taimako a kan kafircin kansa, amma taimakon da bai kai haka ba saɓo ne. Shehu ya amsa masa a cikin Najmul Ikhwan yana kare fahimtarsa. Mas'alar ce kuma ta cika wasiƙun da aka yi musaya da Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi, waɗanda Bello ya kawo a Infaƙul Maisur. Abin koyi shi ne, Abdullahi ya girmama Magili, ya yi naƙali daga gare shi a wurare da dama, amma bai ɗauki kowace maganarsa a matsayin nassi ba.

Game da waɗanda ba Musulmi ba kuwa, tsarin da ya tabbata a aikace ya fi kusa da ra'ayin Asnuni da Ibnu Zakri. Mazhabar Malikiyya ta yalwata karɓar jiziya har ga waɗanda ba ma'abota littafi ba, kuma a kan wannan aka bar Maguzawa a ƙauyukansu a ƙasashen Kano da Katsina, suna biyan abin da aka ɗora musu, suna noma, suna cin kasuwa da Musulmi. Masana da yawa suna ganin sunan nasu ma daga kalmar Majusu ya fito, wato mutanen da Sunna ta sanya a bi da su kamar ma'abota littafi wajen jiziya.

9.0 Kammalawa

Tarihin Tuwat ya nuna cewa zaman Yahudawa a ƙarƙashin Musulmi ya ga yalwa ya kuma ga ƙunci. Ƙasar da ta karɓi 'yan gudun hijirar 1391 da na 1492 ita ce kuma ta ga Fas a 1465 da Tamantit bayan haka. Tsarin zimma bai daidaita zimmi da Musulmi a matsayi ba, amma ya haramta jininsa da dukiyarsa, ya bar masa addininsa. Sahihul Buhari, littafin da Shehu ya karanta a shekarunsa na Zamfara, ya ruwaito gargaɗin Annabi (SAW) cewa wanda ya kashe ma'abocin alkawari zai haramtu daga ƙanshin Aljanna. Ya ruwaito wasiyyar Sayyidina Umar ga halifan da zai gaje shi a kan cika wa ahlul zimma alkawari da yin yaƙi domin kare su. Ya kuma ruwaito cewa Annabi (SAW) ya bar duniya sulkensa yana jingine a wurin wani Bayahude a kan sa'i talatin na sha'ir. Aya ta 40 ta Suratul Hajji ta lissafa wuraren ibadar ma'abota littafi tare da masallatai cikin abin da Allah yake karewa daga rushewa. Shihabuddin al-Ƙarafi (ya rasu 684H), babban Bamalike, ya yi bayani a cikin al-Furuƙ cewa cutar da zimmi, ko da da mummunar kalma ce, tozarta alkawarin Allah da Manzonsa ne. A kan wannan ma'auni, al'adar mayar da kalmar Bayahude zagi ga duk mai wayo ko maƙetaci, wadda ta yaɗu a bakin Hausawan da mafi yawansu ba su taɓa zama da Bayahude ba, tana buƙatar gyara daga masu karantarwa.

Magili malami ne mai girma, kuma ƙasar Hausa ta amfana da iliminsa. Faɗin haka ba ya hana a faɗi cewa a mas'alar jinin Yahudawan Tuwat ya wuce inda hujjarsa ta tsaya, kuma alƙalin garinsa da muftin birnin haihuwarsa sun ƙi bin sa tun kafin a zare takobi. Adalci ga tarihin mazhaba shi ne a riƙa ambaton Asnuni da Ibnu Zakri da Gumari da Mahmudu Aƙit a duk inda aka ambaci Magili. Buƙatar hakan ta fi tsanani a yankin Mafara da Bakura da Maradun, inda shekarun rikici suka nuna abin da ke faruwa idan aka kama ruga ko ƙauye ko ƙabila da laifin wasu daga cikinta, aka kuma zartar da hukunci ba tare da alƙali ba. Fatawar da ta shafi jini tana buƙatar tabbatar da laifi a kan mutum da sunansa, da shugaba mai zartarwa, da duban abin da zai biyo baya. Waɗannan sharuɗɗa uku su ne aka tsallake a Tamantit. Allah shi ne mafi sani.